Tsumar da Na Baro a Hanyar Tamanrasat

Wanda bai taɓa yin dambe ba bai san tsuma ba, ko da ya sha ganinta daga bakin fage. Kana tsaye, an naɗe maka hannun dama da tsumma da zare, sai makaɗinka ya saki takenka a kalangu. Abin yakan taso daga tafin ƙafa, ya bi ta gwiwa, ya kama gadon baya, gashin jiki ya miƙe, haƙora su shiga haɗuwa. A lokacin ko katangar gidan hakimi aka ce ita ce abokiyar karawarka, cewa za ka yi a matso da ita. Ni Isuhu, ɗan mahautan Zurmi, wanda 'yan kallo suka sa wa suna Taɓarya, da wannan tsuma na ci abinci tun ina saurayi. Ita ce kuma na baro a cikin rairayi, ban ma san na baro ta ba sai da na neme ta.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a sabuwar jiharmu ne kalangu ya yi shiru a garuruwanmu. Kaka ta zo ta wuce babu wanda ya kira wasa, fagen da muke karawa a Zurmi ya koma wurin shanya dawa. Ni ban ja da Shari'a ba, Musulmi ne ni ɗan Musulmi, amma hannu ɗaya na iya aiki da shi, kuma an ce in ajiye shi. Makaɗina, Baba Tunau, wani gajeren dattijo ɗan Kaura Namoda mai jan haƙori saboda goro, shi ya zo da labarin cewa can Tamanrasat, cikin Aljeriya, akwai Hausawa masu sukuni da ke kewar damben gida. Ya ce idan muka isa, sai mun rasa inda za mu zuba kyauta. Baba Tunau ya iya ƙarya mai daɗi, sana'arsa ke nan, ni kuma na iya yarda.

Zangonmu na farko da zan iya kira zango shi ne Madawa, cikin Nijar. Nan muka samu wasa ɗaya, na kada wani ƙato mai wuya kamar turmi, aka sallame mu da buhun albasa. Muka ci albasa da gari har Baba Tunau ya ce idan ya yi gyatsa kuda na faɗuwa. Bayan wasan hannuna ya kumbura kamar kullum, kuma a nan na fara kewar gida, don babu mai gasa mini shi.

Inna ce mai wannan aikin. Ni ne autanta, saboda haka ba ta jin kunyata. Ba ta taɓa zuwa kallon dambe ba, takan ce ba ta haifi ɗa don ta ga ana jibgarsa ba, amma duk ranar da na yi wasa zan tarar ta ɗora ruwa a murhu. Sai ta tsoma tsumma, ta matse, ta danna mini a bayan hannu, ta ce, “Auta, ka ji ɗumi?” Ni kuwa in fizge hannu ina ihu. Ta yi ta dariya tana cewa, “Taɓaryar banza. Ka iya kada ƙato, ba ka iya ruwan zahi.”

A Tawa jandarma suka sauke mu daga mota. Suka ce idan da gaske tsohon nan makaɗi ne, ya kaɗa su ji, ni kuma in taka. Haka na yi rawa a gefen titi cikin rana, ƙaton mutum da ni, suna tafi suna dariya. Baba Tunau ya ƙi kaɗa takena, ya kaɗa musu kiɗan 'yan mata. Da muka koma mota ya raɗa mini cewa, “Taken ga naka ba na wasan yara ba na. Ba ni sakin shi sai inda za a zub da jini.” A Agadas wani ɗan kamasho ya karɓi kuɗin motarmu, ya nuna mana wata babbar mota ya ce mu jira a inuwarta. Muka jira har inuwar ta juya, sannan wani mai shayi ya ce mana motar ba ta da inji tun bara. Sai da na yi dako a kasuwa kafin muka samu kuɗin isa Arlit.

Daga Arlit kwalta ta ƙare. Aka loda mu a saman wata motar kaya, a kan buhuna da jarkoki, ƙafafu na lilo a waje. Kowa aka ba shi sanda, an cusa ta cikin igiyar kaya, ka sa ta tsakanin cinyoyi ka riƙe da hannu biyu. Karen motar ya gaya mana tun kafin a tashi cewa direba ba ya tsayawa, saboda masu sintiri, wanda ya faɗi ya faɗar wa kansa. Ya ce wa Baba Tunau ya kawo kalangun a ɗaure cikin kaya. Baba ya ce ko uwarsa ce ta dawo duniya ba zai ba ta ajiyar kalangun nan ba. Saboda haka hannu ɗaya ya riƙe sanda da shi, ɗayan yana rungume da ganga.

Da rana tsaka abin ya faru. Kowa ya yi laushi, ana gyangyaɗi. Motar ta hau wani tudun rairayi ta dira, sai na ji wurin da kafaɗar Baba Tunau take jingine da tawa ya yi sanyi. Na waiga, na gan shi yana birgima a ƙasa. Ya tashi. Wallahi ya tashi da ƙafafunsa, ya ɗan yi gudu, ya tsaya. Na yi ihu, na buga jikin mota da hannu, mutane suka taya ni, karen motar ya rarrafo ta kan kaya ya maka mini ƙarfe a kafaɗa ya ce in rufe baki. Ina kallon Baba Tunau yana ƙanƙancewa, sai na ga ya saɓa kalangu a hammata, hannunsa na tashi yana sauka. Kiɗa yake yi. Na san irin motsin hannun, takena ne. Amma ƙarar inji ta cinye shi, ko ɗigo bai iso kunnena ba.

A nan ne wani abu ya zare daga jikina. Ban suma ba, ban kuma haukace ba, na san sunana da sunan garinmu. Kawai sai na ga kamar na koma gefe, ina kallon wani ƙato a kan buhu yana buɗe baki yana rufewa. Ina jin ihunsa, amma kamar daga bayan katanga. Na ce a raina, bawan Allah nan yana cikin tashin hankali. Can ya gaji ya yi shiru, ya riƙe sandarsa da hannu biyu, muka ci gaba da tafiya.

Na ɗauka gajiya ce da ƙishirwa, idan na sha ruwa na yi barci zai wuce. Muka isa Tamanrasat, na sha ruwa, na yi barci, na farka, abin yana nan. Garin duk ya zame mini kamar hoton kalanda da aka manna a bango: duwatsu, motoci, mutane masu rawani, komai na motsi amma babu kauri. Zan sa hannu in taɓa bango don in tabbatar yana nan, sai in ga hannun ma ban san mai shi ba. In na ci abinci, na san da gishiri, na san da yaji, amma kamar wani ne ya ci ya ba ni labari. In na tsaya salla, sai in ga wani yana ruku'u yana sujada, bakinsa na karatu daidai, ni ina tsaye a bayansa ina jira ya gama. Wata rana wani wanzami ya miƙo mini madubi, na duba, na ga fuskar da na sani sarai, har tabon da wani ɗan Shinkafi ya bar mini a gira, amma da a hanya na gamu da ita ba zan yi mata sallama ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna. Nakan zauna in kira ta a zuciya da gangan, in tuna muryarta, da zanenta mai warin hayaƙi, da dariyarta, in jira ƙirjina ya motsa. Shiru. Na san uwata ce kamar yadda na san Alhamis ce kasuwar Shinkafi. In tuna Baba Tunau tsaye cikin rairayi, nan ma shiru. Na ji tsoro, amma tsoron ma a kai ya tsaya, bai sauko ciki ba. Na ce wa kaina, mutumin da ba ya jin uwarsa, me ya rage masa? Tun daga lokacin ba ni da wani buri a duniya sai in koma cikin jikina kafin in koma gabanta.

Batun masu kewar dambe kuwa, babu su. Hausawan da na tarar kewar tuwo suke yi. Na shiga aikin gini, ina ɗaukar bulo. A nan Labbo ya gan ni. Labbo mai sayar da magani ne, ɗan Kaura, fari siriri mai zobba a yatsu da murmushin da ba ya ƙarewa. Yana zaune gefen ginin yana shan shayi ranar da bulo ya suɓuce ya faɗo mini a ƙafa, farcen babban yatsa ya tashi. Na tsaya ina kallon jinin. Shi kuma yana kallona.

Ya matso ya ce, “Ɗan gida, daga ina?”

Na ce, “Zurmi.”

“Ashe ƙanena na. To mi kash sha? Wa yab ba ka?”

Na ce ban sha komai ba. Da yake na daɗe ban ji harshen gida ba, sai na buɗe masa ciki, na gaya masa duk abin da ke damuna. Ya saurara har ƙarshe, yana kaɗa kai. Na zaci zai ce Allah ya sawwaƙe. Sai ya ce, “Kai wawa na, ƙanena. Allah ya ba ka arziki, kana kiran shi ciwo.”

Sana'ar Labbo ita ce sayar wa matafiya maganin duka. Duk mai shirin ƙetarawa arewa ya san akwai kulki da bulala a gabansa, saboda haka kasuwa ba ta yankewa. Abin da ya rasa shi ne shaida, ya kuwa samu. Yakan shimfiɗa tabarma a bayan tashar motoci, ya jera ƙulle-ƙullensa, ya jiƙa garin ɓawon itace a kwano ya ba ni in sha a gaban jama'a. Sannan in tuɓe riga, ya miƙa dorina ga duk mai so. Aka yi ta zuba mini. Wani ya yi da dorina, wani da sanda, wani ya ce shi da hannu zai gwada. Akwai wanda ya juye mini tafasasshen shayi a kafaɗa. Labbo na zagayawa yana cewa, “Ku dubi idonai. Ko ƙibtawa ya yi? Ɗan dambe na, Taɓaryar Zurmi, ku tambaya.”

Kada wani ya ɗauka ba na jin zafi. Ina ji. Zafin yakan zo, amma kamar sallama a ƙofar maƙwabci, ka ji ta sarai, ka san ba kai ake nema ba. Kada kuma a ɗauka dole aka yi mini. Da ƙafata nake zuwa. Lissafina shi ne, wata rana za a samu mai hannu da nauyi, ya yi mini dukan da zai fasa abin nan ya mayar da ni ciki. Kowane ƙato ya ɗaga sanda, ni addu'a nake yi Allah ya sa shi ne. Su suna neman su ga na yi kuka don su ƙaryata Labbo, ni ma kukan nake nema, har na fi su.

Yaran da ke sayen garin kuwa ina ganinsu, suna ƙulle shi a bakin wando suna murna. Na san abin da zai same su a gaba. Na san ya kamata in ji tausayinsu, sai dai sani ne kawai.

Ranar da abin ya ƙare, wani makanike ne ya zo, mai gardama. Ya ce duka a baya ba komai ba ne, jaki ma yana shanyewa. Idan maganin gaskiya ne, a ɗora hannun damben a kan dutse. Jama'a suka ɗauka da sowa. Na ga Labbo ya dubi taron, ya dubi ƙulle-ƙullensa, sannan ya yi murmushi ya ce, “Aza hannu, ƙanena.” Na aza. Hannun da ya ciyar da ni, wanda Inna ta gasa ba adadi. Makaniken ya ɗaga ƙarfen cire taya ya sauke. Na ji ƙarar ƙashi kamar an taka busasshen kara. Na dubi hannun, yatsu biyu sun juya inda ba a halicce su su juya ba. Na jira. Na ce yau kam sai kukan ya zo. Bai zo ba. Sai aka yi rububin magani har tabarma ta yage. Washegari na je ɗakin Labbo, maƙwabta suka ce ya bi motar asuba.

Wadda ta tsince ni ita ce Tanti Hadiza, wata mai tuwo 'yar Tawa, ƙatuwa mai faɗa, wadda ba ta taɓa ba kowa loma kyauta ba a sanina. Ta gan ni zaune bayan rumfarta, hannu ya yi suntum ya fara wari. Ta zage ni tas, ta zagi Labbo, ta zagi uwar makanike, sannan ta aika aka kira mai ɗori. Ana jan yatsun ina kallon rufin rumfa. Da mai ɗorin ya tafi sai ta zauna a gabana ta ce, “Kai ba tauri gare ka ba. Mi as same ka?”

Na gaya mata. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ƙanenta soja ne, haka ya dawo daga daji, yana cewa duniya ta zama majigi. Ba ta ce aljanu ne ba, ba ta ce hauka ne ba. Ta ce, “Rai na yag ga abin da ya hi ƙarhinai, yal laɓe.” Kullum in na zo sai ta ba ni aiki. Ta tura mini ɗanyen barkono ta ce in tauna in gaya mata wane gefen harshe ya fara ci. Ta sa mini ƙanƙara a tafin hagu ta ce in riƙe, in faɗa mata inda sanyin ya kai. Wani lokaci, na ɗan ƙiftawar ido, sai in ji kamar tafin nawa ne. Kafin in ce mata ga shi, ya tafi. Ita ce ta roƙi wasu masu fataucin dabino suka ɗauko ni zuwa Maraɗi. Da za mu rabu ta ce, “Tahi ga uwarka. In akwai mai hiddo ka, ita ta.” Na yi mata godiya da kalmomin da suka dace.

Ban wuce Zurmi kai tsaye ba. Na zarce Kaura, don akwai saƙon da ya zama dole in kai. Gidan Baba Tunau yana bayan tashar jirgin ƙasa. Matarsa, Iya Kulu, ta fito zaure da mayafi, tana leƙen bayana. Na durƙusa na gaya mata komai, tun daga sanda har kalangu. Ina jin muryata tana fita sumul, babu gargada. Ta saurara, hawaye na zuba, amma idonta na kaina. Da na gama ta ce, “Mutumin da yak kaɗa ma tun kana goye, shi kaka ba ni labarinai kamar kana hwaɗin kuɗin gero? Dube ni, Isuhu. Ko kai kat tura shi?” Na ce wallahi a'a. Wallahin ma ta fito a bushe. Ta tofa yawu a gabana ta shige gida. Har ta rasu ba ta sake amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na isa Zurmi da la'asar. Duk hanya ina gaya wa kaina cewa da na ga Inna shi ke nan. Na shiga gida na same ta a bakin murhu, ta rame, ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Ta ɗago ta ce, “Auta,” ta fashe da kuka, ta kama wuyana. Ina jin ƙasusuwan hannunta, ina jin warin hayaƙin zanenta. Na tsaya a gefe ina kallon wata tsohuwa ta rungume ɗanta.

Ta duba hannun. Ta sa aka ɗora ruwa. Ta tsoma tsumma, ta matse, ta danna, ta ce, “Ka ji ɗumi?”

Na ce, “Na jiya, Inna.”

Ta sake tsomawa, wannan karon ba ta bari ya huce ba, har yatsunta suka yi ja. Ta danna ta riƙe, tana kallon fuskata. Na san abin da take jira. Na yi niyyar in fizge hannun in yi ihu don in faranta mata, amma na makara, kuma Inna ba a yi mata wasan kwaikwayo. Ta ajiye tsumman a hankali ta ce, “Autana janye hannu shikai.”

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani. Na ce ciwo ne, ba ni jin komai game da kowa. Abin da ya shiga kunnenta shi ne ba na jin komai game da ita. Yayana ya ce aljanun sahara ne, ya kai ni wurin masu ruƙiyya, waɗanda suka yi yawa a lokacin. Suka yi mini karatu a kunne, suka yi hayaƙi, suka zane ni da tsumagiya suna ce wa aljanin ya faɗi sunansa. Da suka ga ko motsi ban yi ba, suka ce kafirin aljani ne mai taurin kai. Inna ta daina ɗora ruwa. In na shiga gaishe ta, takan amsa da ladabi, kamar yadda ake amsa wa baƙo. Wata rana na ji tana ce wa maƙwabciya, “Wanda yat tahi bai dawo ba. Wanga dai yana da kirki, shina kawo min goro.”

Damina ba ta kai ƙarshe ba Inna ta rasu. Ni na shiga kabari na karɓe ta, da hannun nan nawa mai karkatattun yatsu. Yayana yana kuka har ana riƙe shi, ni ina gyara itace. A zaman makoki liman ya nuna ni ga jama'a ya ce, “Ku dubi Isuhu. Jiya ɗan dambe na, yau ku ga tawakkali. Ko ɗigon hawaye babu. Haka Musulmi ya kamata shi zama.” Mutane suka yi ta miƙo mini hannu suna cewa Allah ya ƙara imani. Dukan da na sha a Tamanrasat duka bai kai wannan yabon muni ba.

Daga baya wani likita a Sakkwato ya gaya mini ciwon sananne ne, yana da suna a littattafansu, kuma ba hauka ba ne. Bayaninsa bai wuce na Tanti Hadiza ba, sai dai shi da turanci a ciki. Ya ce yakan tafi, yakan kuma daɗe, in yi haƙuri. Na koma sana'ar gidanmu, ina fawa da hannun hagu, ina bin kasuwanni. Shekaru suka shuɗe a haka. Mutane suka san ni da mutum mai sanyi wanda ba ya fushi, har ana kawo mini sulhu.

Wata Alhamis ina kasuwar Shinkafi, wajen 'yan awaki, ina taya wani bunsuru. Lokacin an ɗan sassauta, mahauta sun dawo da kalangunsu na tallar nama. Wani makaɗi da ban sani ba yana kaɗawa a rumfar fawa, kiɗan talla kawai. Can, ban san ko a ina ya tsinto shi ba, sai hannunsa ya juya ya faɗa wani kiɗa. Takena ne. Bai ma iya shi sosai ba, yana cin wani wuri.

Daga tafin ƙafa tsuma ta taso. Ta bi gwiwa, ta kama gadon baya, gashin jikina ya miƙe. Na ji rana a wuyana, na ji warin awaki, na ji igiyar bunsuru tana cin tafina, na ji yatsun nan biyu suna zugi, kuma duk nawa ne. Amma tsumar ba ta kawo faɗa ba. Abin da ta kawo shi ne Baba Tunau tsaye cikin rairayi yana kirana, da Inna tana ajiye tsumma. Gaba ɗaya suka faɗo mini a ƙirji. Na durƙushe cikin kashin awaki ina kuka da ƙarfi, baki buɗe, majina na zuba. Mutane suka kewaye ni. Wani ya ce aljanun sun tashi, wani ya ce bunsurun ne ya fi ƙarfin aljihunsa, aka yi dariya. Dariyar ma na ji ta, ta yi mini ciwo, na kuma gode wa Allah da ciwon.

Na saki igiyar na tashi da gudu zuwa tasha, na faɗa motar da ta fara cika. Abu ɗaya ne a kaina, in isa gida kafin jin nan ya tafi, in ce a ɗora ruwa, in miƙa wa Inna hannun ta danna, in fizge in yi ihu har maƙwabta su ji. Ina ta ce wa direba ya taka. Mun yi nisa sosai, har mun wuce gonakin bakin gari, sannan na tuna cewa da hannuna na gyara itacen kabarinta.